Sarrafa Aikatau Mai Bin Ƙa'ida na Ingilishi: Kwatanci da Hausa

1.0 Gabatarwa

Yaron Atantane, a cikin ƙasar Mayahi, yakan fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, bayan ya yi shekarun firamare da Faransanci. Haka abin yake a Tasawa da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Saboda haka idan aka ce ya sarrafa aikatau, sai ya nemi dogon jadawali irin na Faransanci. A shekarar 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasar Nijar, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan maƙala za ta nuna cewa a wurare da dama Hausa ta fi Faransanci kusa da tsarin aikatau na Ingilishi. Za mu yi amfani da aikatau plant, watau shuka.

2.0 Siffofi huɗu

Aikatau mai bin ƙa'ida siffofi huɗu kawai gare shi: plant, plants, planted, planting. Ɗafa-ƙeyar -s tana zuwa ne a lokacin sabo, tare da he, she ko it, ko sunan da suke wakilta. Ita kuwa -ed furuci uku gare ta: /t/ a walked, /d/ a cleaned, /id/ a planted. Da yake gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu, ɗalibi yakan saka wasali a walked, ko ya yar da /t/ ɗin, lokacin ya ɓace gaba ɗaya. A rubutu kuma a lura da stop da stopped, da carry da carried.

Sauran aikin duk na mataimakan aikatau ne: be, have, do, will, would. A Faransanci wutsiyar aikatau ce ke canzawa, kamar plantons, plantez, plantaient. A Hausa kuwa zagin aikatau, kamar yadda ake kiransa a nahawun Hausa, shi ke ɗauke da lokaci, aikatau na nan yadda yake. Mataimakin aikatau na Ingilishi aikin zagi yake yi.

3.0 Lokuta

(1) He plants millet. Yakan shuka gero.
(2) He is planting millet. Yana shuka gero.
(3) He will plant millet. Zai shuka gero.
(4) He planted millet. Ya shuka gero.
(5) He did not plant millet. Bai shuka gero ba.

Faransanci yakan haɗa (1) da (2) a siffa ɗaya, il plante. Hausa ta raba su da yakan da yana, daidai da Ingilishi. A (5) kuma, -ed ta bar aikatau, lokacin ya koma kan did, kamar yadda ya ta zama bai. Wanda ya gane haka ba zai rubuta did not planted ba.

Wahalar tana ga (4). Abin da muke kira shuɗaɗɗen lokaci a Hausa kammaluwar aiki yake nunawa, ko da yaushe aikin ya kammala. Ingilishi kuwa sai ya faɗi yaushe:

(6) We planted yesterday. Mun shuka jiya.
(7) We have planted. Mun riga mun shuka.
(8) We had planted before he arrived. Kafin ya iso mun shuka.
(9) We will have planted before you arrive. Kafin ku iso gobe mun shuka.

Siffa ɗaya ta Hausa, mun shuka, ta tsaya a gurbin siffofi huɗu. Ƙa'idar ita ce: idan an ambaci lokacin da ya wuce, kamar yesterday, sai planted ita kaɗai. Ɗalibin da ya bi nous avons planté hier zai rubuta we have planted yesterday, wanda kuskure ne. Haka nan munka da sunka na karin harshen yamma, watau muka da suka, ba su da takwara a Ingilishi: jiya munka shuka ma planted ce.

Akwai inda harsunan biyu duk suke ɓatar da shi. Hausa ta ce yana shuka tun da safe, Faransanci ma lokaci mai ci yake sawa. Ingilishi kuwa sai he has been planting since morning.

4.0 Umurni, buƙata da sharaɗi

Umurni saiwar aikatau ce tsurarta: Plant! Shuka! Korewarsa do not plant, kada ka shuka. Na jam'i kuma let us plant, mu shuka. A jimlar buƙata -s takan faɗi: it is necessary that he plant, dole ne ya shuka. Sharaɗi ya fi neman kulawa:

(10) If it rains, we will plant. In an yi ruwa, za mu shuka.
(11) If it had rained, we would have planted. Da an yi ruwa, da mun shuka.

Duka biyun an yi ne a Hausa. In da da su ke rarrabe abin da ake sa rai da abin da ya riga ya kuɓuce. Ingilishi a jikin aikatau yake rarrabe su. Don haka mai fassara an yi kai tsaye zai rubuta if it rained a (10), ya mai da ruwan da manomi ke jira a watan Yuni abin da ba a tsammani.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ga malaman kwaleji ita ce su fara da siffofin nan huɗu, sa'an nan su jera mataimakan aikatau kusa da zagagen Hausa: yakan, yana, zai, bai. Mafi yawan lokacin darasi ya kamata ya tafi ga misalai (6) zuwa (11), domin a nan ne Hausa da Ingilishi suka rabu hanya, a nan ne kuma ɗalibi zai fi buƙatar atisaye kafin jarrabawar BEPC.