Sakaci da Tsofaffin Kaset da Asarar da Yake Jawowa

Tun daga shekarar 1877 da Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke naɗar murya ta kuma maimaita ta, kowace sabuwar hanyar naɗi takan ture wadda ta riga ta. Faifan garmaho ya ja da baya bayan kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kaset ɗin bidiyo na VHS kuwa, wanda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976, faifan VCD da na DVD suka kawar da shi kafin wayar hannu ta mamaye kasuwa. A ƙasar Hausa, kaset ne ya ɗauki waƙoƙin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, da tafsirin malamai na watan azumi, da finafinan Kano na farko irin su Turmin Danya na 1990, da shagulgulan aure da suna na gidaje da dama.

Abin takaici shi ne yadda ake wulaƙanta wannan dukiya. A gidaje da yawa an tattara kaset an cusa a buhu, an jefa sito ƙarƙashin rufin kwano, inda zafin bazara ke gasa shi, laimar damina ta ratsa shi, ƙurar hunturu ta cika shi. Zaren kaset siririyar roba ce da aka shafe da garin ƙarfe mai riƙe sauti da hoto ta hanyar maganaɗisu, kuma gam ɗin da ya manne garin yana shan danshi, shi ya sa ake buɗe kwali a tarar zaren ya liƙe da juna, farar funfuna ta yi masa dabbare-dabbare. Wanda ya tsira kuma yara sun zare shi suna wasa a tsakar gida, manya suna kallo ba mai tsawatawa, na'urar kunna shi kuwa an sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, alhali kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016.

Ya wajaba a fito da kaset daga sito a jera shi a tsaye cikin gidansa, a ɗaki mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta yana iya lalata abin da aka naɗa. Kada a kunna wanda ya yi funfuna, saboda yana ɓata na'ura ya kuma shafa wa sauran. A kai wa wanda ya san aikin ya juye shi a kwamfuta, a ajiye aƙalla kwafi biyu a wurare daban-daban, a rubuta sunan mai magana da wuri da shekara. Dogaro da abin da aka tura ta WhatsApp ganganci ne, domin manhajar tana rage ingancin bidiyo, waya kuma tana ɓata. Ko bayan an juye, kada a zubar da kaset ɗin asali, don idan kwafi ya lalace shi kaɗai za a koma wa.