Merriweather: Dandalin da Mutanen Gari Suka Hana a Rufe

Ba kallon mawaƙa ne ya fara kai ni Merriweather Post Pavilion ba. 'Yar wani abokina ce ta gama sakandare, kuma a nan makarantun gundumar Howard ke bikin yaye ɗalibai. Muka kama hanya mai lamba 29 daga Silver Spring zuwa Columbia, garin da ke tsakanin Washington da Baltimore a jihar Maryland. Na zauna da babbar rigata a ƙarƙashin wata makekiyar rumfa da bishiyoyi suka kewaye, ina ta mamakin abin da ya kawo dandalin da ke ɗaukar mutum kusan 19,000 bayan gari haka.

Da na bi diddigi, sai na tarar dandalin da garin tagwaye ne. A 1967 James Rouse ya buɗe Columbia, sabon gari da ya tsara don baƙi da farare, masu hali da talakawa, su zauna unguwa ɗaya. A shekarar aka buɗe dandalin. Frank Gehry, wanda daga baya ya shahara a duniya, na cikin waɗanda suka zana shi, aka kuma sa masa sunan attajira Marjorie Merriweather Post.

An gina shi ne don ƙungiyar makaɗa ta National Symphony Orchestra ta riƙa wasa lokacin zafi, amma kuɗin shiga bai riƙe tsarin ba. Mawaƙan zamani masu zagaya gari-gari su suka cike giɓin. Jimi Hendrix ya yi wasa a 1968. A watan Mayun 1969 The Who da Led Zeppelin suka hau dandalin a dare ɗaya. Shugaba Jimmy Carter ma ya taɓa hawa ya tsaya kusa da Willie Nelson.

Dalilin da mawaƙa ke son irin wannan wuri a bayyane yake. Ayarinsu na tafe da manyan motoci cike da kayan sauti, suna bukatar fili da babbar hanya. Masu kuɗi su sayi kujera a cikin rumfa, masu ƙaramin ƙarfi su shimfiɗa bargo a kan ciyawa, kowa ya ji kiɗa ɗaya.

A 2003 kamfanin da ya mallaki wurin ya so ya rage girmansa, ya mayar da shi rufaffen zaure, ya yi gine-gine a filin da ke kewaye. Mazauna garin suka ce ba su san zancen ba. Suka kafa gangamin Save Merriweather, suka riƙa cika zaman hukumomin gunduma har aka janye shirin. A 2004 kamfanin I.M.P., mai gidan 9:30 Club na Washington, ya karɓi gudanarwa, a 2016 kuma aka miƙa mallakar dandalin ga wata ƙungiyar raya al'adu mai zaman kanta. Ko da rufin ya rufta a Janairun 2018 ana cikin gyara, ba wanda ya ji rauni, kuma a shekarar aka ci gaba da wasa.

Labarin ya tuna mini gidajen sinima na Kano da muka wayi gari sun koma kantuna, muna kallo. A nan ma, idan mawaƙinmu ya zo daga gida ko Sallah ta zo, zaure muke haya na 'yan sa'o'i, mai gadi na duba agogo. Mutanen Columbia ba su fi mu son kiɗa ba. Zaman majalisar gunduma suka je, suka yi magana. Ƙofar wannan zama a buɗe take ga duk mazaunin gari, har da ni da kai.