Huda Ƙarfe da Zafin Gugayya: Dabarar da Za Ta Rage wa Masu Walda na Mubi Asara

MUBI — A wannan gari na kan iyakar Nijeriya da Kamaru, wanda ya yi suna da babbar kasuwar shanu, masu walda na dogaro da siririn falle da bututun ƙarfe wajen ƙera ƙofofi, gadaje da kujerun makarantu. Kaurin irin wannan ƙarfe bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma a nan matsalar take.

Ƙusa mai zare mai faɗin milimita 8 tana da tazarar milimita 1.25 tsakanin zare da zare. Ke nan idan aka huda falle mai kaurin milimita 1.5, zagaye ɗaya kacal ƙusar za ta kama, ba da jimawa ba kuma ta kwance. Saboda haka ne ake walda noti a bayan hudar, aikin da ke cin lokaci, wuta da sandar walda, wanda kuma ba ya yiwuwa a cikin rufaffen bututu.

Dabarar huda da zafin gugayya ta warware wannan. Wani Bafaranshe, Jean Claude de Valière, shi ya fara gwada ta a 1923, amma ba ta shiga masana'antu sosai ba sai bayan fiye da shekaru 50. Kamfanin Flowdrill na ƙasar Holan na cikin waɗanda suka yaɗa ta.

Abin hudar ba shi da kaifi. Tsinke ne mai siffar mazurari, na sinadarin tangistin kabayid mai tsananin tauri. Idan inji ya juya shi sau dubu ɗaya zuwa dubu uku a minti guda yana danna shi, sai gugayya ta zafafa wurin har kimanin digiri 600 a ma'aunin Salshiyas. Ƙarfen ba ya narkewa, laushi yake yi, sai tsinken ya tura shi ƙasa ya zama ɗan wuya mai tsawon da kan kai ninki uku na kaurin fallen. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma babu ɓarɓashi.

Daga nan sai a fitar da zare a cikin wuyan da wani tsinke wanda ba ya yanka, matsa ƙarfen yake yi har zaren ya fito. Matsawar na ƙara wa zaren ƙwari, ƙusa kuwa ta sami zagaye uku ko huɗu da za ta riƙe.

Sai dai ba a rasa sharuɗɗa ba. Ana bukatar injin huda na girke mai ƙarfi, ba na hannu ba, da wutar lantarki tsayayya. Tsinken ya fi na gargajiya tsada, kuma yana karyewa idan inji na rawa. Bai dace da ƙarfen zubi mai saurin fashewa ba, zafinsa kuma na ƙona fenti, don haka huda ke rigan fenti.

Ribar na ga mai yawan aiki iri ɗaya, kamar wanda ya karɓi kwangilar ɗaruruwan kujeru. Mai ƙofa ɗaya ko biyu a mako zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba, sai fa idan masu sana'ar sun haɗa jari sun sayi inji guda. Mubi na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, inda za a iya gwada dabarar a kan irin ƙarfen da ake sayarwa a kasuwar garin kafin ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa.