Faci a Tsohuwar Riga

Telan unguwarmu ba ya gaggawar ɗaukar almakashi idan aka kawo masa tsohuwar riga gyara. Sai ya juya ta ciki da waje, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, ya tambayi shekarunta. Ran da na kai masa babbar rigar mahaifina, wadda aljihunta ya ɓarke, na ce, "Baba, tunda ga ta a hannunka, a sake mata wuya irin na yanzu mana." Ya girgiza kai. Ya ce shaddar ta sha wanki ta sha bugu, in ya warware wuyan bai san abin da zai biyo baya ba. Aljihun kaɗai zai taɓa.

Maganarsa ce ta faɗo mini da na fara bibiyar yadda ake kula da curl. Wata buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya karanta rubutunta ya gyara, aikinta kuma kai saƙo da ɗauko shi ta intanet. Daniel Stenberg, mutumin Siwidin, shi ya fitar da ita da wannan suna ranar 20 ga Maris, 1998, bayan ya fara da ɗan abin da zai riƙa ɗauko masa farashin canjin kuɗi. A shekarar 2000 aka ware cikinta, aka sa masa suna libcurl, domin sauran manhajoji su riƙa aron sa maimakon kowace ta ƙera nata. Yau tana cikin wayoyi da motoci da talabijin, tana zuwa a cikin Windows da macOS. Akasarin masu mora ba su taɓa jin sunanta ba, kamar yadda mai riga bai san sunan zaren da ya riƙe masa hammata ba.

A shagon telan nan, kamar a wajen kula da curl, ayyuka biyu ake yi, kuma halinsu ya bambanta.

Na farko shi ne rage wahala a sabon ɗinki. Akwai lokacin da telanmu yake ajiye zare da allurai a ɗakin baya, cikin akwati. Duk canjin launi sai yaron shago ya tashi ya ɗauko, ya mayar. Tafiyar ba ta wuce taku goma ba, amma a lissafa ta sau ɗari a daren jajiberin Sallah. Daga baya ya kafa ɗan faranti a gefen keke, ya zuba waɗanda ake yawan nema. Akwati sai babban aiki. Haka Stenberg ya yi a 2017. Ya lura cewa duk lokacin da libcurl ta tsaya jiran saƙo, sai ta roƙi kwamfuta aron ɗan gurbi a ƙwaƙwalwarta, ta rubuta abu kaɗan, ta mayar, ta sake roƙa. Ya sa mata ƙaramin gurbi nata a kusa, ba ta zuwa aro sai abin ya fi ƙarfinsa. A gwajin da ya yi na sauke babban fayil guda, aron da ya haura sau 33,000 ya dawo ƙasa da 200. Layukan rubutun manhajar da aka canza ba su da yawa. Ni irin wannan aikin yana burge ni ƙwarai, don ba wanda zai gan shi ya yaba, amma kowace na'urar da ta karɓi sabon zubin manhajar ta samu sauƙi, kuma na'urorin biliyoyi ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai duk wanda ya taɓa ɗinki don ya kyautata shi ya ɗauki kasada. Farkon 2020, a zubi na 7.69.0, aka gyara yadda curl ke gaisawa da wani irin ɗan tsakani da ake kira SOCKS5, wato na'urar da ke miƙa saƙo a madadinka. A da tana tsayawa cik har amsa ta zo. Aka koya mata ajiye aikin, ta kama wani, ta dawo in amsar ta iso, kamar telan da ba zai zauna hannu rabbana yana jiran maɓalli daga kasuwa ba. Niyya mai kyau ce. Amma ƙa'idar SOCKS5 ba ta karɓar sunan shafi da ya wuce bait 255, wato kusan harafi 255. In ya wuce, ita curl ce ya kamata ta nemo adireshin da kanta, ta miƙa shi kawai. Idan ɗan tsakanin ya yi jinkiri, sai ta dawo kan aikin ta manta awon da ta ɗauka, ta cusa dogon sunan gaba ɗaya cikin gurbin da zai iya yi masa kaɗan. Abin da ya malala sai ya ɓata na maƙwabta, kuma ta irin wannan ɓarakar mugu yake samun ƙofa. Fiye da shekara uku aibin yana kwance, sai ranar 11 ga Oktoba, 2023 aka toshe shi a zubi na 8.4.0.

A nan aiki na biyu ya taso, na tsohuwar riga. Masu curl suna fitar da sabon zubi kusan duk mako takwas, amma bankuna da asibitoci da ma'aikatu ba sa canza kaya haka. Ubuntu 22.04, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, ta zo da curl 7.81.0, da alkawarin kula da ita shekara biyar. Takwararta Debian 12 ta zo da 7.88.1. Dubban manhajoji an auna su ne a jikin waɗannan tsofaffin zubin. A cire a saka 8.4.0 kai tsaye, tamkar a sake wa rigar wuya da hannuwa ne alhali aljihu aka kawo.

Don haka masu kula da Debian da Ubuntu suka ɗauki gyaran nan shi kaɗai, suka koma da shi baya, suka ɗinka a tsohon zubi. Su ma faci suke kiransa, kalmar da muke faɗa wa tela da mai gyaran taya. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato. An yanka facin ne daidai da sabon yadi. A tsohon, wani lokaci layukan sun gusa, wani suna ya canza, ko gyaran ya jingina da wani gyaran da bai iso can ba. Dole mutum ya fahimci abin da facin ke nufi, ya sake yanka shi, sannan ya gwada. Ya kuma san shekarun rigar: Ubuntu 20.04 ta zo da 7.68.0, wadda ta riga aibin zuwa duniya, ita ba ta buƙaci wannan facin ba.

Ƙananan gyare-gyaren sauri kuwa galibi ba a komawa da su baya, kuma ina ganin daidai ne, ko da yake akwai hasara a ciki. Mai tsohon zubi zai ci gaba da zirga-zirgar ɗakin baya shekaru, alhali ga faranti an ƙirƙiro. Amma jinkirin da ya saba da shi sananne ne, ya gina aikinsa a kai. Wanda ya ga yadda gyaran 2020 ya zo da ɓaraka a naɗe ba zai zargi mai kula da tsohon zubi don ya ce aljihu kaɗai zai taɓa ba.

Abu guda yana damuna. Lambar zubin ba ta canzawa bayan faci, sai ɗan ƙari a wutsiyarta. Wasu manhajojin binciken tsaro 7.88.1 kawai suke gani, su yi kururuwa cewa akwai aibi, a sa ma'aikaci ya tuge abin da aka riga aka gyara masa. Da za a juya rigar a duba ciki, da an ga sabon zaren, domin Debian tana rubuta kowane faci da dalilinsa a takardar canje-canjen ƙunshin.

Rigar mahaifina kwana biyu ta yi a shago. Da na karɓo na nemi wurin gyaran ban gani ba, sai da Baba ya kama yatsana ya ɗora a bakin aljihun daga ciki. Ya ce rabin yini ya yi yana neman zaren da ya koɗe daidai da shaddar.