Hitar Banɗaki Ta Daina Zafi: Me Za A Duba Kafin A Sayi Sabuwa?

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, ƙorafi ɗaya masu gyaran famfo da masu gyaran wuta suke ta ji: hita ta mutu. Mai gida ya tashi da asuba zai yi wanka, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo kamar daga randa. Kafin azahar ya yanke shawarar sayen sabuwa. Sau da yawa kuwa tankin lafiyarsa ƙalau, wani ɗan ƙaramin abu ne ya lalace a ciki, kuma abin da ya lalata shi yana nan yana jiran sabuwar.

Hitar da ake maƙalawa a bango ba ta da kayan ciki da yawa. Akwai tankin ƙarfe, akwai elimen, wato sandar da wuta ke bi ta dafa ruwa, akwai tamostat mai yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita, sai bawul a bakin bututun ruwan sanyi, sai wata sandar magnesiyam da yawancin masu hita ba su ma san da ita ba. Waɗanda suka ƙera ta sun yi lissafi ne da gidan da ruwa ba ya yankewa, wuta kuma tana tsaye a bolt 230. Gidajenmu ba haka suke ba, kuma daga nan matsalolin suke farowa.

A fara da mai sauƙi. Idan fitilar makunnin ba ta kama ba, a leƙa akwatin wutar gida a ga ko bireka ta faɗi. Idan wuta tana isa amma ruwa bai yi ɗumi ba ko kaɗan, a jikin tamostat akwai ɗan maɓallin kariya da ke tashi idan zafi ya wuce kima. A kashe wuta daga bireka, a buɗe murfin ƙasa, a danna shi. In ya sake tashi bayan kwana ɗaya ko biyu, to kada a ci gaba da dannawa, yawanci tamostat ɗin ne yake neman canji.

Akwai kuma hitar da ake ɗora wa laifin da ba nata ba. Dafa lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kusan yunit biyu da sulusi na wuta, wanda ke nufin elimen mai wat 1500 zai yi wajen awa ɗaya da rabi yana aiki. Wannan idan wutar ta cika ke nan. Idan ta sauko zuwa bolt 160, kamar yadda take yi a unguwanni da yawa da magariba, ƙarfin elimen yakan ragu zuwa kusan rabi, domin zafin da yake bayarwa ya fi saurin faɗuwa a kan wutar kanta. Sai aikin awa ɗaya da rabi ya koma awa uku, kafin nan kuma an ɗauke. Duk elimen ɗin da aka canza a irin wannan gida asarar kuɗi ce kawai.

Babban abin da ke kashe elimen a wajenmu shi ne kunna shi babu ruwa. An gina shi ne ya zauna a nutse, ruwan yana ɗauke zafin da yake fitarwa. Tankin sama ya ƙare, bawul ɗin da ya kamata ya hana ruwan hita komawa baya ya lalace ko ma ba a saka shi ba tun farko, ruwan ya tsiyaye, makunni kuma a kunne tun jiya domin babu wanda ya tuna da shi da aka ɗauke wuta. Cikin dare aka kawo. 'Yan mintoci sun isa ya ƙone. Saboda haka duk lokacin da ruwa ya yanke ya dawo, a buɗe famfon zafi a bar shi ya gama tari da feshin iska, sai ruwa ya zubo a miƙe sannan a kunna. Mai gyara na ƙwarai ba ya canki-canka a nan. Zai cire wayoyin ya ɗora mita: elimen mai wat 1500 mai lafiya yakan nuna kusan om 35, wanda ya ƙone ba ya nuna komai. Idan wanda ka kira bai zo da mita ba, sai testa kawai a aljihu, ni dai ba zan bar shi ya kwance ko noti ɗaya ba.

Sai ruwan burtsatse. A wurare da dama yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, kuma zafi yana sa shi ya daskare ya zama farin ɓawo, irin wanda ake gani a gindin butar dafa shayi. Wanda ya taɓa ganin an zaro elimen daga hitar da ta shekara uku ko huɗu ba a buɗe ta ba ya san abin: sandar ta yi kauri, ta yi fari fat, ƙasan tankin cike da ɓarɓashi har ana kwasa da hannu. Ɓawon nan yana tsare zafi a jikin elimen, ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, mitar wutar gida tana ta gudu, hita tana ƙugi da ƙara idan tana aiki. Maganinsa a kashe wuta, a rufe ruwa, a zubar da na ciki, a kwashe ɓarɓashin, a jiƙa elimen a ruwan kal ko na lemon tsami har ɓawon ya saki. Kada a kankare da wuƙa. A wannan buɗewar ce ake duba sandar magnesiyam, wadda aikinta shi ne tsatsa ta cinye ta a madadin tankin. In ta zama siririya kamar tsinke, a canza ta. Idan ruwan zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, yawanci ƙwayoyin cuta ne ke aiki tare da wannan sandar. Wanke tanki da ɗaga zafi kan rage shi.

Game da zafin, wasu kan sauke tamostat ƙasa sosai don tsimin wuta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke kwance, tsakanin digiri 20 da 45, shi ne inda ƙwayar Legionella ke hayayyafa, wadda aka gano bayan ta kwantar da mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, kuma tana kama huhu ne ta hanyar feshin ruwa. Digiri 60 ya wadatar. Sai dai ruwa mai wannan zafi yana ƙona fata cikin daƙiƙu, don haka a riƙa surka wa yara kafin su taɓa.

Ɗigon ruwa iri biyu ne. Wanda ke fita daga bakin bawul lokacin da hita ke aiki ba matsala ba ne, ruwa ne ke kumbura da zafi yana neman mafita. Kuskuren da ake yi shi ne a toshe bakin da roba ko a ɗaure shi don banɗaki ya daina jiƙa. Wannan ƙofar ce ke hana tanki fashewa ranar da tamostat ya ƙi yanke wuta. A sa masa siririn tiyo zuwa magudana, shi ke nan. Wanda ke tsattsafowa daga jikin tankin kuwa, da launin tsatsa, ba shi da gyara, walda ma ba ta riƙe shi. A nan ne sayen sabuwa ya zama dole.

Idan kuma famfo ko shawa ta ɗan ja ka, ko da kamar cizon tururuwa ne, a kashe bireka nan take, kowa ya koma tukunya har mai gyara ya zo. Yawanci rigar elimen ce ta tsage wuta ta shiga ruwa, kuma gidan ba shi da wayar ƙasa mai aiki. Canza elimen kaɗai bai gama aikin ba. A sa shi ya gwada wayar ƙasan, ya kuma saka bireka mai gane yoyon wuta, ta miliamfa 30, a layin hitar. Birekar tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta da ake dannawa lokaci-lokaci a tabbatar tana yankewa.