Girma da Zurfi: Yadda ake Karanta Ƙarar Na'urar Gano Ƙarfe a Ƙasar Gure

Na'urar gano ƙarfe ta yi suna a Nijar tun 2014, shekarar da aka gano zinariya a Jado, dubban matasa suka kwarara arewa da ita a kafaɗa. Wanda ya juya ta zuwa neman tsofaffin kuɗi a ƙasar Muniyo, wadda Gure ce cibiyarta, zai tarar da tambayar da ta dami masu zinariya: abin da ya sa ta kuka, ƙarami ne a kusa ko babba ne a can ƙasa?

Na'urar ba ta auna zurfi kai-tsaye. Faifanta, wato zagayayyen kan da ake shafawa bisa ƙasa, yana aika ƙarfin maganaɗisu, ƙarfen da ke binne ya mayar da amsa, kuma da ƙarfin amsar nan kaɗai take kimanta zurfi. Lambar zurfin da ke fitowa a allonta hasashe ne da aka gina bisa zaton cewa abin bai wuce girman kwabo ba, shi ya sa gwangwanin tumatir da ke rabin mita a ƙasa kan bayyana tamkar dala a santimita 10. Gogaggen mai nema yakan ɗaga faifan sannu a hankali yana ci gaba da shafawa: amsar ƙaramin kuɗi tana mutuwa da an ɗaga shi ɗan kaɗan, domin tana raguwa da sauri ƙwarai gwargwadon nisa, amma ta babban ƙarfe tana nan ko an ɗaga shi kamu guda. Yakan kuma ratsa wurin daga gabas zuwa yamma, sannan daga kudu zuwa arewa, yana lura da faɗin inda ƙarar ta fara da inda ta yanke. Riyal ɗin azurfa na Mariya Teresa, mai ɗauke da shekarar 1780, wanda ya yi yawo a kasuwannin Borno, faɗinsa kusan santimita 4 ne, nauyinsa giram 28, don haka ƙararsa gajeriya ce mai kaifi. In kuwa a tsaye ya kwanta bisa gefensa, sai ta raunana ko ta rabu biyu. Wuri, wanda ya daɗe yana zaman kuɗi a yankin, ba ƙarfe ba ne, na'urar ba ta jin sa.

Ƙasar Gure ma tana da tata magana. Busasshen rairayi ba ya hana amsa wucewa, sai dai iska tana tafiya da tuddansa, ta binne abu fiye da santimita 20 zuwa 30 da na'ura kan kai ga kuɗi guda. A kwaruruwan da ake ɗibar kanwa kuwa, gishiri mai damshi yana sa ta kuka ba ƙarfe, dole a daidaita ta da ƙasar kafin a amince da ƙararta. Kuskuren zurfi yana da tsada, domin bakin shebur kan karce azurfa, kuma haƙa a kufai yana rusa shaidar tarihi, wadda dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta sa a ƙarƙashin kulawar hukuma.