Daga bakin wanda ake zargi zuwa takardar ɗan sanda: yadda doka ta ce a ɗauki jawabi

Idan aka kama manomi ko makiyayi daga Rawayau, a Ƙaramar Hukumar Kurfi, bisa zargin satar shanu ko kai wa 'yan bindiga rahoto, da Hausa zai yi magana, ko da Fulatanci. Takardar da za ta bi shi har gaban alƙali kuwa galibi da Turanci ake rubuta ta, shi kuma ya dangwala yatsa a ƙasanta. A wannan tazara, tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da alƙalami ya rubuta, mai laifi kan kuɓuta, marar laifi kuma ya shekara a tsare. Duk kurtun da ke karɓar horo a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna zai haɗu da ita da zarar an tura shi caji ofis.

Doka ta yi magana a kai. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Sashe na 60 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce ana ɗaukar jawabi ne idan mutum ya so bayarwa. Idan ba ya jin Turanci, tafinta zai rubuta, ya karanta masa har ya fahimta, sannan tafintan ya sa sunansa da hannunsa.

Batun tafinta ya fi kowanne cin shari'a. Kotunan Najeriya sun daɗe da yanke cewa idan wani ya fassara wani kuma ya rubuta, dole mai fassarar ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama jita-jita. Saboda haka ya fi aminci mai bincike ya rubuta jawabin da Hausar da aka yi shi, ya fassara daga baya, a miƙa duka biyun.

Sai yadda ake tambaya. Tsohuwar hanya ita ce a matsa wa mutum har ya amsa laifi. Ingila ta bar ta a farkon shekarun 1990, bayan an gano mutanen da aka ɗaure bisa iƙirarin ƙarya, ta koma tsarin da ake kira PEACE: jami'i ya shirya tukuna, ya bayyana wa mutum dalilin zaman, ya bar shi ya kawo labarinsa ba katsewa, sai daga baya ya tunkare shi da inda maganarsa ta saɓa wa hujja. “Faɗa mini abin da ya faru daren Talata” tambaya ce. “Kai ne ka nuna musu gidan, ko?” amsa ce aka sa masa a baki.

Duka kuwa, ban da zalunci, ɓarnar aiki ne. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Da lauya ya ce an tilasta wa wanda yake karewa, sai a tsayar da komai a buɗe wata shari'ar cikin shari'a, watanni su shuɗe. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. A 2023, a shari'ar Charles da Jihar Legas, Kotun Ƙoli ta yi watsi da iƙirarin da ba a ɗauka a bidiyo ba, ba a kuma yi shi gaban lauya ba, kamar yadda dokar jihar ta buƙata. Wayar da ke aljihun kofur ta isa ta ɗauki bidiyon.

Rubuta rahoto shi ma yana da ƙa'ida, tun daga littafin ofis har zuwa takardar FIR da ake kaiwa kotun majistare. Jami'i ya raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, ya kuma faɗi wanda ya gaya masa. Mutumin karkara ba da agogo yake lissafi ba. Idan shaida ya ce “bayan sallar isha”, a rubuta haka. Mai bincike da ya mayar da shi ƙarfe takwas da kansa ya ba lauya ƙofa, domin a kotu shaidan zai ce bai taɓa ambatar ƙarfe takwas ba. Haka suna: unguwa ɗaya na iya samun Musa biyar, don haka sai an haɗa da sunan uba da laƙabi.

Tun da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023, ba 'yan sanda kaɗai ke kawo waɗanda ake zargi ba. Wannan ya ƙara wa rahoto wasu layuka: wa ya kama mutumin, a ina, da wane lokaci, da me aka same shi, kuma ko da rauni a jikinsa lokacin da aka miƙa shi a kanta.